Darajojin Aƙidar Musulunci da Kula da Ƙwazon Malamai a Makarantun Islamiyya

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami unguwa, a birni ko a ƙauye, a ƙasar Hausa wadda ba ta da makarantar Islamiyya ko ta allo. Wasu a zaure suke, wasu a harabar masallaci, wasu kuma sun gina ajujuwa sun haɗa karatun addini da na boko, har ɗalibansu suna zana jarrabawar Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci ta Ƙasa. Da yawa daga cikin ɗaliban kwalejojin ilimi a irin waɗannan makarantu za su fara koyarwa, wasu ma su shugabance su. Abin da sukan tarar shi ne, a makarantu da dama babu wani tsari na sanin ko malami yana yin aikin da aka ɗauke shi dominsa. Idan aka tayar da maganar, amsa biyu akan ji. Malami ya ce aikin Allah yake yi, saboda haka Allah ne kaɗai zai yi masa hisabi. Mai makaranta kuma, idan wata ya ƙare, ya ce ai aikin Allah ne, sai a yi haƙuri da batun albashi. A tsakanin waɗannan amsoshi biyu yaro ne yake cutuwa, domin yakan shafe shekaru yana zuwa makaranta bai iya haɗa baƙi ba.

Wannan babi zai yi bayanin yadda darajojin da suka samo tushe daga aƙidar Musulunci suke tsara aikin kula da ƙwazon malamai. Za a nuna cewa aƙidar da ta wajabta wa malami kyautata aikinsa, ita ce ta wajabta wa shugaba ya duba aikin, ya yi adalci wajen auna shi, ya kuma biya haƙƙin wanda ya yi shi. Haka kuma ita ce ta shata wa shugaba iyakar da ba zai ƙetare ba.

2.0 Ma'anar Kula da Ƙwazon Aiki

Kula da ƙwazon aiki tsari ne mai ɗorewa wanda shugaba da ma'aikaci suke bi tare domin tabbatar da cewa aikin ma'aikaci yana kai ma'aikata ga manufarta. Masana harkar gudanarwa sukan kasa shi matakai huɗu, wato tsayar da abin da ake son cimmawa, da lura da aiki tare da tallafa wa mai yin sa, da auna abin da aka samu, sannan da ɗaukar mataki a kan sakamakon, ko na yabo ko na gyara. Ke nan, cike takardar rahoton shekara da ake yi wa ma'aikatan gwamnati yanki ne kawai na wannan tsari. Haka nan ya bambanta da zagayen duba-gari, wanda yakan faɗo gida ba zato domin ya kama mai laifi.

Aƙida kuwa ita ce abin da zuciya ta ƙudurce game da Allah da mala'iku da littattafai da manzanni da ranar lahira da ƙaddara. Darajojin aƙida su ne halaye da ma'aunan da wannan imani yake haifarwa a rayuwar yau da kullum, kamar ihsani da amana da adalci da ikhlasi.

Abin lura shi ne, malaman Musulunci sun daɗe da sanin irin waɗannan matakai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111 Miladiyya, ya keɓe sashe guda a littafinsa Ihya'u Ulumiddini a kan yadda mutum zai kula da ransa. Ya kawo matakai shida: ya gindaya wa ransa sharaɗi, ya lura da shi, ya yi masa hisabi, ya hore shi idan ya gaza, ya matsa masa wajen ƙoƙari, sannan ya zarge shi domin ya farka. Ya kuma misalta al'amarin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa. Wanda ya kwatanta waɗannan da matakai huɗun da aka ambata zai ga kusancinsu, duk da cewa Gazali a kan tarbiyyar rai yake magana.

3.0 Tushen Al'amarin a Tarihi

Bincikar aikin ma'aikaci ya faro tun zamanin Manzon Allah (SAW). Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani sahabi da ake kira Ibnul Lutbiyya, wanda aka tura karɓar zakka. Da ya dawo, Annabi (SAW) ya yi masa lissafi, ya kuma hana ma'aikaci riƙe kyautar da ya samu saboda muƙaminsa. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya faɗaɗa wannan. Yakan rubuta dukiyar gwamna a lokacin naɗa shi, yakan gana da gwamnoninsa a lokacin aikin hajji ya saurari ƙorafin jama'a, yakan kuma aika Muhammadu ɗan Maslama ya binciko gaskiyar abin da aka kawo masa. Waɗanda ake bincika ɗin sahabbai ne, kuma babu wanda ya ɗauki binciken a matsayin shakkar imaninsu.

A fagen koyarwa kuwa, malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta kafu a ƙasar Hausa, sun yi rubutu filla-filla. Muhammadu ɗan Sahnun na birnin Ƙairawan a Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 256 Hijiriyya (870 Miladiyya), ya wallafa Adabul Mu'allimina. A ciki ya ɗauki malamin da ake biya a matsayin ɗan ƙwadago mai alkawari a wuyansa. Ya ce wajibi ne ya daidaita tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, kada ya aiki yara sabgoginsa, kada ya bar su ya tafi rakiyar jana'iza ko duba marasa lafiya a lokacin karatu sai da larura, ya ware lokaci sananne na bitar karatu kamar yammacin Laraba da ranar Alhamis, ya kuma taƙaita duka. Bayansa Alƙabisi, wanda ya rasu a 1012, ya faɗaɗa waɗannan hukunce-hukunce. Ko a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa har yau, an halatta a yi yarjejeniya da malami a kan cewa ladansa yana rataye da ƙwarewar yaro. Wannan ya nuna cewa danganta lada da sakamakon aiki ba baƙon abu ba ne a fiƙihu.

A ƙasar Hausa ma akwai misalai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817), a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da suke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara 'Yan Taru, inda take zaɓen jajoji ta naɗa su da malfa, su riƙa kai karatu ƙauyuka suna dawowa gare ta. A tsangaya kuma akwai zaman darasu, inda gardi ko alaramma yakan kawo allon da ya rubuta da ka, a karanta a gaban gwanaye, a gyara masa ko da wasali ɗaya ne ya kuskure. Ba a kiran mutum gwani sai ya sha wannan tankaɗe da rairaya. Saboda haka, da makarantun Islamiyya na zamani suka fara yaɗuwa daga shekarun 1950, kuma ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962 suka shigo harkar, al'adar bincikar aikin malami tana nan. Abin da ya sauya shi ne yawan ɗalibai da ajujuwa da albashi, waɗanda suke bukatar tsari a rubuce.

4.0 Darajojin Aƙida da Yadda Suke Shafar Awon Ƙwazo

4.1 Tauhidi da Ihsani

Tauhidi ya koyar da cewa Allah ɗaya ne, Mai ji ne, Mai gani, kuma babu abin da yake ɓoyuwa gare Shi. Daga nan ihsani ya fito. A hadisin Mala'ika Jibrilu an bayyana shi da cewa mutum ya bauta wa Allah tamkar yana ganin Sa, tare da sanin cewa Allah yana ganin sa ko da shi ba ya gani. Malamin da ya ƙudurce wannan ba zai koyar da kyau ranar da shugaba ya shigo aji, ya yi sakaci ranar da ba ya nan ba. Wannan shi ne babban abin da makarantar addini take da shi, domin shugaba ba zai iya zama a kowane aji a kowace sa'a ba.

Sai dai ihsani bai soke duban shugaba ba. Aya ta 105 a Suratut Tauba ta yi umarni da aiki, ta kuma ambaci cewa Allah zai ga aikin, da Manzonsa, da muminai. Aya ta 2 a Suratul Mulk kuwa ta nuna cewa jarrabawar rayuwa a kan kyawun aiki take. Darasin da ke nan ga mai awo shi ne kada ya tsaya a kan yawa kawai. Malamin da ya ce yaransa sun ci izu biyar a zango ɗaya, amma ba sa bambance harafin sin da sad, bai kai wanda ya tsaya a izu biyu da kyakkyawan tajwidi ba.

4.2 Amana

Aya ta 58 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da mayar da amana ga masu ita. Amanar da ke hannun malami iri uku ce: yaran da iyaye suka danƙa masa, da ilimin da zai isar ba ragi ba ƙari, da lokacin da ake biyan sa dominsa. Makara, da barin aji a tafi ɗaurin aure, da shagala da wayar hannu, duk cin amanar lokaci ne. Rajistar halarta ke nan hanya ce ta tsare amana, kuma bai kamata a ɗauke ta cin fuska ba.

Amana ta kuma shafi ɗaukar malami tun farko. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas ta haɗa siffofi biyu ga wanda ya fi cancanta a ɗauka aiki, wato ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne iya aikin. Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, duk da tsoron Allahnsa, ya nemi muƙami, Annabi (SAW) ya hana shi saboda rauninsa a wannan fanni. Wannan ya nuna cewa nagarta ba ta maye gurbin ƙwarewa. Mutumin kirki wanda bai iya sarrafa aji ba yana bukatar horo, kuma ɗaukar ɗan'uwa ko suruki wanda bai cancanta ba cin amanar yara ne.

4.3 Adalci

A nan nauyin yake komawa kan shugaba. Farkon Suratul Muɗaffifina ya yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye mudu, waɗanda suke cikawa idan za su karɓa, su rage idan za su bayar. Mai auna ƙwazon malami shi ma mudu ne a hannunsa. Adalcinsa yana bukatar abubuwa huɗu:

(a) Malami ya san ma'aunin tun kafin a fara aiki.

(b) Ma'aunin ya zama ɗaya ga kowa. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa a bar adalci. Bambancin ƙungiya ko ɗariƙa, ko saɓani a kan ƙabalu da sadalu, ba ya cikin abin da za a rage wa malami maki a kansa, matuƙar yana bin manhajar makaranta.

(c) A tabbatar da labari kafin a yi hukunci, kamar yadda aya ta 6 a Suratul Hujurat ta koyar. Ƙorafin uba ɗaya ko tsegumin abokin aiki ba hujja ba ne sai an ji ta bakin wanda ake zargi.

(d) A lura da halin da malami yake aiki a ciki, domin ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna cewa Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

A ɗauka, alal misali, malamai biyu suna koyar da aji ɗaya-ɗaya. Na farko yana da yara 25 da suka zo da farfaru a bakinsu, na biyu yana da yara 80 da ba su san babbaƙu ba, kuma a ƙarƙashin bishiya yake. Idan aka auna su da yawan waɗanda suka haddace izu ɗaya a ƙarshen shekara, an zalunci na biyu. Abin da ya dace shi ne a gwada yara a farkon zango, a sake gwada su a ƙarshe, a auna tazarar da kowane malami ya ciyar da yaransa gaba.

4.4 Ikhlasi da Iyakar Awo

Wannan ita ce darajar da aka fi yi wa mummunar fahimta. Ikhlasi shi ne yin aiki domin Allah kaɗai, kuma mazauninsa zuciya. Tunda babu wanda ya san abin da ke zuciya sai Allah, shugaba ba shi da ikon ba da maki a kansa. Da Usama ɗan Zaidu ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, bisa zaton cewa tsoro ne ya sa ya furta, Annabi (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani, ya nuna masa cewa bai tsaga zuciyar mutumin ya gani ba. Daga irin wannan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa hukuncin mutane a kan zahiri yake, abin da ke ɓoye kuwa na Allah ne.

Saboda haka kuskure ne a sanya layi a takardar awo da ke cewa “tsoron Allah” ko “ikhlasi” a ba shi maki goma. Yin haka yana da illa biyu. Ta farko, shugaba zai koma auna tsawon gemu da girman hijabi da yawan ambaton Allah a baki. Ta biyu, wadda ta fi muni, malamai za su fara nuna ibada domin maki, wannan kuwa shi ne riya, wato abin da ikhlasi ya zo ya kawar. Abin da za a iya aunawa shi ne ɗabi'ar da take bayyana a wurin aiki: gaskiya wajen ba da maki, kame harshe daga zagin yara, cika alkawari, da kiyaye salla tare da ɗalibai idan lokacinta ya riske su a makaranta. Rayuwar malami ta cikin gidansa ba ta cikin hurumin shugaba, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ikhlasi ba ya cin karo da karɓar albashi. Imamu Malik ya halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani, kuma kuɗin Laraba da iyaye suke bai wa malamin allo tsohuwar al'ada ce. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi da ke nuna cewa Allah da Kansa zai yi jayayya ranar ƙiyama da mutum uku, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Malami yana da ikon ya yafe albashinsa domin Allah, amma mai makaranta ba shi da ikon ya yafe a madadinsa. Wanda yake karɓar kuɗin makaranta daga iyaye, yana neman cikakken aiki daga malamai, sannan yana riƙe musu haƙƙi da sunan fisabilillahi, shi ne mai mudu biyu da aka yi gargaɗi a kansa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da dokar Nijeriya ta tsayar a 2024 ma'auni ne da kowane kwamitin makaranta zai iya duba kansa da shi.

4.5 Imani da Ƙaddara

Sau da yawa idan yara suka faɗi jarrabawa akan ji malami ya ce haka Allah ya ƙaddara, ko kuma buɗi na Allah ne. Maganar gaskiya ce, amma ba a wurinta aka ajiye ta ba. Aƙidar Ahlus Sunna ta tabbatar da cewa komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, ta kuma tabbatar da cewa bawa yana da zaɓi da aikin da za a tambaye shi a kai. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah. Amfanin wannan ga mai awo shi ne ya raba abu biyu. Akwai abin da ke hannun malami, kamar shirya darasi da duba littattafan yara da bita, a kan wannan za a tuhume shi. Akwai kuma abin da ba ya hannunsa, kamar rashin lafiyar yaro, ko talla, ko cire yarinya daga makaranta. A kan wannan ba za a kama shi ba, sai dai a tambaye shi ko ya sanar da shugaba da iyaye a kan lokaci.

4.6 Shawara da Nasiha

Aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta haɗa tausasawa da yafiya da shawara, hadisi kuma ya bayyana addini da cewa nasiha ne. Ma'aunin da malamai suka sa baki wajen tsara shi sun fi yarda da shi. Gyara kuma a keɓe ake yin sa, domin gyaran da aka yi a gaban ɗalibai tozartawa ne. Wannan ya fi muhimmanci a al'adar Hausawa, inda sau da yawa matashi mai takardar shaidar malanta yakan shugabanci dattijon alaramma wanda wataƙila shi ya koya masa Fatiha. Irin wannan shugaba ba zai aika a kira dattijon ofis ba. Zai same shi bayan an tashi, ya gaishe shi, ya ce: “Allah gafarta Malam, na ga yaran baya ba sa samun biyawa kafin a tashi. Ko Malam zai ba mu shawarar yadda za a raba su rukuni-rukuni?” Da haka an isar da gyara, girma kuma bai zube ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

5.0 Matakan Aiwatarwa a Zangon Karatu

Ana iya tattara abubuwan da suka gabata a tsari mai sauƙi wanda ko makarantar zaure za ta iya bi:

1. Makon farko: shugaba da malami su zauna su rubuta abin da za a cimma, kamar yawan surori ko babukan Ahalari da za a karanta, da kuma abin da makaranta za ta samar, wato alli da littattafai da albashi a ranar da aka ajiye. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi take, kuma tana nuna darajar rubuta alkawari ko tsakanin muminai.

2. Tsakiyar zango: shugaba ya shiga aji ya zauna daga farkon darasi zuwa ƙarshe, ya saurari karatun yaran gaba da na baya, ya duba littattafansu. Yana da kyau malamai su riƙa shiga ajin juna, kamar yadda gwanaye suke yi a darasu.

3. Kafin ƙarshen zango: malami ya rubuta hisabin kansa, ya faɗi inda ya yi nasara da inda ya gaza. Aya ta 18 a Suratul Hashri, wadda ta umarci kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, ita ce tushen wannan.

4. Ƙarshen zango: a zauna a keɓe a kwatanta hisabin malami da abin da shugaba ya gani da sakamakon yara. Duka biyun su sa hannu, malami kuma ya sami damar kai ƙara ga kwamitin makaranta idan bai gamsu ba.

5. Sakamako: wanda ya yi ƙwazo a yaba masa a fili, domin yabon gwani ya zama dole. Wanda ya gaza a ba shi horo da wa'adi. Sallama ita ce mataki na ƙarshe, sai dai a manyan laifuffuka kamar cin zarafin yara, inda kare yaro yake gaba da rufin asirin malami, kuma wajibi ne a sanar da hukuma.

Shi ma shugaba dole ne a sami mai duba aikinsa, ko kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, domin hadisi ya nuna cewa kowa makiyayi ne kuma za a tambaye shi a kan abin kiwonsa.

6.0 Wasu Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kunya da kara. Shugaba yakan ba kowa maki mai kyau domin gudun ɓacin rai, alhali wannan shaidar zur ce a rubuce, kuma yara ne suke biyan kuɗinta. Ta biyu ita ce auna makaranta da kofunan musabaƙa kaɗai. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta fara a 1986, ta ɗaga darajar hadda da tajwidi ƙwarai. Amma idan ita kaɗai ce ma'auni, malami zai tattara ƙarfinsa a kan yara biyar masu kaifin ƙwaƙwalwa ya bar sauran, wannan kuwa ya saɓa wa daidaitawar da ɗan Sahnun ya wajabta. Ta uku ita ce ƙarancin kuɗi. Makarantar da da gaske ba ta da hali, sai ta faɗa wa malami gaskiya tun ranar ɗaukarsa, ta buɗe masa lissafin shiga da fita, ta kuma daidaita abin da take nema daga gare shi da abin da take iya ba shi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kula da ƙwazon malamai yana da tushe a sunna, da aikin halifofi, da fiƙihun Malikiyya, da al'adar tsangaya. Ihsani da amana sun ɗora wa malami kyautata aiki ko ana ganin sa ko ba a gani. Adalci da nasiha sun ɗora wa shugaba mudu ɗaya da harshe mai taushi. Imani da ƙaddara ya raba abin da za a tuhumi malami a kai da abin da ba za a tuhume shi ba. Ikhlasi kuma ya tsayar da shugaba a kan zahirin aiki, ya hana shi shiga zuciyar malami, ya kuma hana shi fakewa da sunan Allah wajen riƙe haƙƙi. Ɗalibin malanta da ya fahimci wannan zai karɓi bincike ba tare da jin an ci mutuncinsa ba, idan kuma mudun ya dawo hannunsa zai tuna cewa shi ma akwai ranar da za a auna nasa aikin.

Tambayoyin Bita

1. Kawo matakai huɗu na kula da ƙwazon aiki, sannan ka kwatanta su da matakai shida na Imamu Gazali.

2. Waɗanne sharuɗɗa Muhammadu ɗan Sahnun ya gindaya wa malamin da ake biya? Wanne ne daga ciki aka fi saɓa wa a makarantun yankinku?

3. Me ya sa bai dace a ba da maki a kan ikhlasi ba? Waɗanne abubuwa za a iya aunawa a maimakonsa?

4. Tattauna wannan magana: “Aikin fisabilillahi ba ya bukatar albashi.”

5. Ziyarci wata makarantar Islamiyya da ke kusa da kai, ka tsara mata takardar awon ƙwazon malami ta zango ɗaya wadda ba ta wuce shafi guda ba.